In rabu da ƙananan wayoyi ko in ci gaba da saro su?

Wani mai shagon waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya aiko da tambaya: tunda manyan wayoyi sun cika gari, ya karya farashin ƙananan masu madanni ya rabu da su, ya mayar da jarin kan manya?

Alhaji, dakata tukuna. Bari in ba ka labarin faifan garmaho.

A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da sabon faifai na roba, wanda gefe ɗaya ke ɗaukar sama da minti 20. A 1949 RCA Victor ya biyo da nasa ƙarami. Tsohon faifan, mai juyi 78 a minti, gefensa bai wuce minti uku zuwa biyar ba, ga nauyi, in ya faɗi ya tarwatse. Kowa ya ce kwanansa ya ƙare. A Amurka haka aka yi, kafin 1960 manyan kamfanoni sun watsar da shi. Amma a Indiya masana'antar Dum Dum da ke Kalkata ta ci gaba da buga shi har cikin shekarun 1960, har waƙoƙin Beatles, shahararrun mawaƙan Ingila, sai da aka buga a kansa.

Dalili? Garmahon da ke gidajen mutane da hannu ake wana shi, ba ruwansa da lantarki. Sabon faifan kuwa sai da na'ura mai wuta, kuma allurar ƙarfen tsohon garmaho cinye shi take yi. Wanda ba shi da wuta a ƙauyensu, me zai yi da faifan da ba zai iya sawa ba?

To haka mai sayen ƙaramar wayarka yake. Ba jahilci ba ne. Batirinta na kwanaki, ga tocila, ga rediyo, in an sace ba a kwana ana kuka. Wasu ma masu manyan wayoyin suna riƙe ta a matsayin ta biyu.

Abin da zan hana ka shi ne jibge su. Ɗauko littafin cinikinka na wata shida, ka ga guda nawa ke fita a mako, ka riƙa saro na mako uku kacal. Ribarta kaɗan ce, amma kuɗin na juyawa da sauri. Ka kuma ajiye batir da caja, don wanda ya sayi wayar wajenka zai dawo nemansu. In ka ga dillalan ƙauye sun rage ɗauka wata biyu a jere, sai ka fara janye jarin sannu a hankali.