Tambaya da Amsa: Sayen ƙaramin jirgin ruwa na hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Gwarinpa, Abuja. Wani dillali ya turo mini hotunan ƙaramin jirgin ruwa na gudu, na faiba, mai ɗaukar mutum biyar, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 90. Jirgin yana Legas, kuma kuɗinsa da sauƙi. Burina in riƙa fita da iyalina a tafkin Jabi ranakun Asabar. Dillalin ya matsa in tura kafin alƙalami kada wani ya riga ni. Na tuntuɓi waɗanda suka taɓa mallakar irinsa, wasu sun ce in saya, wasu sun ce wahala zan saya wa kaina. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Da farko dai kada ka tura ko sisi. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma matsin da dillali ke yi maka shi kansa dalili ne na ka dakata.

Mutanen da ka tuntuɓa duk gaskiya suka faɗa maka, kowa abin da ya gani ya faɗa. In ka zauna da masu jirgi ka saurare su da kyau, za ka tarar masu yabo kusan hanya ɗaya suka bi: sun ga jirgin da idonsu, sun shiga ruwa da shi kafin su biya, injinsa irin wanda makanikai suka sani ne, kuma tun kafin ya iso sun san inda za su ajiye shi. Masu kuka kuwa galibi fenti da kujeru ne suka ruɗe su. A jirgi na hannu, inji da katangar baya da ke ɗauke da injin su ne dukiyar. Irin su fenti da kujeru ana iya gyarawa da kuɗi kaɗan.

Kasancewar jirgin a Legas abin lura ne. Ruwan can da gishiri, gishiri kuma yana cin inji ta ciki, ta hanyoyin da ruwa ke bi yana sanyaya shi, inda hoto ba ya nunawa. Mai kula yakan ɗauraye injinsa da ruwan daɗi bayan kowace fita, amma ba kowa ke yi ba. Saboda haka ka je da kanka, ko ka tura amintacce, tare da makanikin injin jirgi wanda kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya kawo ba. Makanikin mota, kome ƙwarewarsa, wannan ba fagensa ba ne.

Ka roƙa kada a tayar da injin kafin ku iso. Ka taɓa shi ka ji da sanyi, sannan a tayar a gabanka, domin inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa. Da ya tashi, ka duba ɗan siririn ruwan da yake fesowa ta baya. In ba ya fita da ƙarfi, to robar famfon ruwa ta gaji ko hanya ta toshe. Kuma kada ka yarda a tayar maka da shi a busasshiyar ƙasa ba ruwa, ko na ɗan lokaci ne, don nan da nan robar take ƙonewa. Makaniki ya cire fulogogi ya auna matsin kowace silinda. Bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Ya kuma kwance ƙusar man giya da ke can ƙasa kusa da farfela ya ɗiga kaɗan. In man ya yi fari-fari, ruwa na shiga giya.

Sai katangar baya, wadda nake so ka fi ba lokaci. Yawancin tsofaffin jiragen faiba katako ne a cikin wannan katanga, an lulluɓe shi da faiba. Ruwa kan samu hanya ta ramukan ƙusoshi ya shiga, katakon ya ruɓe a ɓoye, waje kuwa yana ta sheƙi. Ka ɗaga ƙafar injin, ka danna ta ƙasa da ƙarfinka kana kallon katangar. In ta motsa, ko ka ga tsaga a kusurwoyi, ko ruwa mai launin ƙasa yana tsattsafowa daga ƙusa, ka yi sallama ka kama hanya, kome ragin da za a yi maka. Gyaranta sai an sauke inji an farke bayan jirgin, sau da yawa kuɗin ya fi darajar jirgin. Haka daɓen ciki: ka taka ko'ina, inda ya lotsa akwai ruɓa.

In duk wannan ya yi, a shiga ruwa da adadin mutanen da za ka riƙa ɗauka, a yi gudu sosai, a tsaya, a sa ribas. Mai jirgin da ya ƙi gwaji a ruwa ya riga ya ba ka amsa.

Takardu kuma: rasit, takardun kwastan in shigo da shi aka yi, da lambar inji ta dace da abin da ke rubuce. Jiragen da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1972 suna da lamba mai harufa da alƙaluma 12 a bayansu ta hannun dama, kuma daga 1984 zuwa yau alƙaluma biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin, don haka ba sai ka dogara da bakin dillali ba. Rajistar jiragen ruwan cikin ƙasa tana hannun hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja. Sannan tun yanzu ka je Jabi ka ji sharuɗɗan masu kula da tafkin, da kuɗin ajiya, da wurin saukar da jirgi. Kada ka manta da tirelar da ake ɗora jirgin a kai a ja da mota: tafiyar fiye da kilomita 700 za ta yi daga Legas, a sake mata boris da tayoyi kafin ta taso.

Abin da masu jirgi suka fi kuka da shi tun bayan cire tallafi a 2023 shi ne mai. Lissafin da suke yi shi ne kowane doki goma yana shan kusan galan ɗaya a awa in an ƙure gudu, wato injinka zai iya shanye lita 34 a awa guda. In ana tafiya a hankali yana raguwa sosai. Ni a ganina, ga tafki kamar Jabi, doki 40 zuwa 60 a jirgi mara nauyi ya wadatar da iyali.

Tambaya: Malam, ni a Jos nake. An yi mini tayin jirgi da injin Evinrude, arha ƙwarai, ina so in riƙa shiga ruwan Rayfield da shi. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, arhar tana da dalili. Kamfanin da ke da Evinrude ya daina ƙera injinan a 2020. Injin ba laifi gare shi ba, amma ranar da wani abu ya lalace, za ka jira kaya daga waje, wanda zai ɗaura ma sai an nemo. Yamaha kuwa, musamman samfurin Enduro da ake gauraya wa fetur da baƙin mai kamar ƙaramin janareto, shi ne a hannun masunta da masu fito daga Yawuri har Lokoja, kayansa da masu gyaransa ba sa wuya. In jikin jirgin lafiyayye ne, ka yi cinikinsa da kuɗin jiki kawai, ka nemi inji daban.

Ka kuma sa tudun Jos a lissafi. Garin yana sama da teku da kusan mita 1,200, iska ba ta da kauri, inji kuma yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300. Jirgin da ke tashi da mutum biyar a Legas zai iya yin nauyi a nan, sai an sauya masa farfela mai sauƙin juyawa. Ruwan Rayfield kuma tsohon ramin haƙar kuza ne. Irin waɗannan ramuka suna da zurfi tun daga gefe, ga sanyi lokacin hunturu, don haka ka nemi izini da shawarar masu wurin kafin ka kashe kuɗinka.

Tambaya: Maigidana ya ƙudura sai ya sayi irin wannan jirgi, ni kuma tsoro nake ji saboda yara, babu wanda ya iya ruwa a cikinsu. In hana shi ne?

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma kin fi kowa haƙƙin faɗa. Ba sai kin hana ba, amma ki kafa sharuɗɗa, ki tsaya a kansu. Kowane yaro da rigar ceto daidai jikinsa, mai ɗauri ta tsakanin ƙafafu, a saka tun daga bakin ruwa. Ta manya ba ta yi wa yaro, tana zamewa ta kai da zarar ya faɗa. Direba ya ɗaura igiyar kashe inji a hannunsa, yadda in ya faɗi injin zai mutu nan take. A kashe inji duk lokacin da wani ke shiga ko fita, saboda farfela. Kada a wuce adadin mutanen da aka rubuta a jikin jirgin, kada a kai magariba a ruwa, kuma in hadari ya haɗo a damina a fito ba gardama. Hatsarin Patigi na jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda sama da mutum 100 suka rasu a hanyar dawowa daga biki, cikin dare ya faru, jirgin kuma ya ɗauki fiye da ƙima. Allah ya jiƙansu.

Kafin jirgin ya iso, ki sa a kai yaran koyon iyo. Maigida ma ya fara fita da wanda ya ƙware sau da dama, har hannunsa ya faɗa, kafin ya ɗauki kowa daga gida.