Tambaya da Amsa: Wai ranar 20 ga Afrilu ba ta da sa'a ga Sakkwato?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya zafi ya ibada. Wani saƙo anka turo muna a gurup ɗinmu na WhatsApp, wai ranar 20 ga Afrilu ce Shehu Usmanu ya rasu, ita ce kuma ranar da anka haifi Hitila, kuma wai ranar ce anka tuɓe Sarkin Musulmi Dasuƙi. Sai gardama ta kaure, wasu sun ce ƙaryar 'yan intanet ce, wasu sun ce ranar ce ba ta da sa'a gare mu. Don Allah mi ag gaskiya? Ɗalibinka daga Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, zafi kam lokacinsa ne, Allah ya kawo damina lafiya. Wanda ya turo maku saƙon bai yi ƙarya ba, duka ukun sun faru a wannan rana, shekarun ne suka bambanta.

Mujaddadi Shehu Usmanu bin Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya rasu a nan cikin garin Sakkwato ranar 20 ga Afrilu 1817, bayan ya taso daga Sifawa a 1815, ka ga ke nan bai fi shekara biyu a garin ba, kuma a nan aka rufe shi inda Hubbare yake yanzu, sannan aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a. Amma fa ka lura da wani abu da masu tura irin wannan saƙo ba sa faɗi, su mutanen Shehu ba da Afrilu suke lissafi ba, abin da suka rubuta shi ne 3 ga Jimada Akir 1232 bayan Hijira, daga baya ne masana tarihi suka juya shi zuwa kalandar Bature. Shekarar Musulunci kuwa tana gaza ta Bature da wajen kwana 11, to idan da kalandarmu za ka bi, zagayowar ranar rasuwar Shehu bana tana iya faɗowa cikin ɗari, bayan wasu shekaru ta faɗo tsakiyar damina, ba ruwanta da ranar haihuwar kowane Bature.

Shi Hitila an haife shi 20 ga Afrilu 1889 a wani ƙaramin gari Braunau a ƙasar Ostiriya, shekara 72 bayan rasuwar Shehu. Ya hau mulkin Jamus a 1933, ya jawo yaƙin duniya na biyu wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, ya hallaka Yahudawa wajen miliyan 6, ya kashe kansa a Balin a 1945. Ba zan ɓata tawada a kansa fiye da haka ba.

Maganar Sarki Ibrahim Dasuƙi ita ce har yau take taɓa zukatan mutane a garin nan, don da yawanmu da idonmu muka gani. An naɗa shi a 1988 bayan rasuwar Sarki Abubakar na Uku, naɗin da ya zo da tarzoma saboda jama'a da yawa Maccido ɗan marigayin suke so, sai ga shi ranar 20 ga Afrilu 1996 zamanin Abacha, gwamnan soja Kanar Yakubu Mu'azu ya kira shi ofis aka shaida masa an tuɓe shi, aka ɗauke shi a jirgi aka kai shi jihar Taraba ya yi zaman gudun hijira a Zing, aka naɗa Muhammadu Maccido. Ni dai a ganina ko kana goyon bayan wa a lokacin, abin baƙin ciki ne a ce gadon Bello soja ke ɗorawa soja ke saukewa. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Maccido a haɗarin jirgin sama a Abuja a 2006, Dasuƙi a 2016, Allah ya jiƙan su.

Kuma bari in ƙara maku ɗaya da saƙon bai kawo ba, a wannan ranar ce a 2021 sojojin Chadi suka sanar da rasuwar Idris Debi, bayan shekara 30 yana mulki, daga raunin da ya samu a fagen daga da 'yan tawaye.

To batun rashin sa'a kuma, wannan canfi ne ɗana, kuma Manzon Allah (SAW) ya kore shi a hadisi ingantacce. Kwanakin shekara 365 ne kacal, mutanen da aka haifa da waɗanda suka mutu kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu, dole na kirki da mugu su yi ta haɗuwa a rana guda, duk ranar da ka ɗauko ka bincika haka za ka tarar. Dasuƙi rikicin siyasa da gwamnatin soja ne ya tuɓe shi, kalanda ba ta da hannu.

Ka gaya wa abokan naka in da gaske suna son sanin yadda Shehu ya yi kwanakinsa na ƙarshe, su tashi daga kan waya su je gidan tarihi na Waziri Junaidu, yana nan cikin gari, su nemi a nuna masu rubuce-rubucen Bello da na Waziri Giɗaɗo da waƙoƙin Nana Asma'u, waɗanda suka rayu da shi suka gan shi.