Tambaya da Amsa: Wa Ake Bari Ya Shiga Gasar 'Yan Sandan Doki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ga bidiyon 'yan sandan Amurka da Kanada suna gasa a kan dawaki, doki na ratsa hayaƙi yana tura ƙatuwar ƙwallo da ƙirji. Shin duk wanda ya iya hawa zai iya shiga? Daga mai karatu a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam. A'a Malam, iya hawa kaɗai bai isa ba. Irin gasar da ka gani ana yin ta shekara-shekara a Arewacin Amurka, akwai mai zagayawa daga gari zuwa gari, akwai kuma taron da ake yi a babban filin dawaki na Kentucky da ke garin Lexington. Kowace gasa da dokokin masu shirya ta, amma sharaɗin farko kusan ɗaya ne: mahayi ya zama ɗan sanda mai rantsuwar aiki, wanda yake cikin rundunar doki, kuma rundunarsa ta san da zuwansa. A wasu gasannin ana karɓar 'yan sa-kai masu taya 'yan sanda sintiri, sai dai akan ware musu rukuninsu. Haka ma akan raba sabbin hannu da tsofaffin hannu, don kada wanda ya fara hawa bara ya kara da wanda ya tsufa a kan sirdi.

Gasar kanta yawanci kashi uku ce. Akwai duba kaki da kayan doki, inda alƙali zai bi sirdi da linzami da likkafa da majayi, har ya ɗaga kofato ya ga ko an share. Akwai gwajin iya zama da sarrafa doki a tafiya da sassarfa da ɗan gudu. Sai na uku, wanda 'yan kallo suka fi so, wato ratsa abubuwan tsoratarwa: tamfol a shimfiɗe, gadar katako mai lilo, jiniya, ƙarar harbi, lema da ake buɗewa ba zato. Dokin da ya yi ta turjewa a wuri ɗaya ya rasa makin wurin, sai a ce wa mahayi ya wuce gaba.

TAMBAYA: To shi dokin fa, wane sharaɗi ake sa masa? Namu na hawan salla zai iya? Daga mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Nan ne maganar take, ranka ya daɗe. Abin da gasar ke son gani shi ne dokin da ke fita aiki a titi, shi ya sa natsuwa ta fi gudu daraja. Rundunonin can sun fi amfani da dandaƙaƙƙen doki, don ingarma idan ya ji ƙanshin goɗiya ko ya ga ɗan'uwansa sai haniniya da neman faɗa, a tsakiyar cunkoson jama'a kuwa wannan haɗari ne. Dokin salla an hore shi ne ya yi sukuwa ya yi zamiya, ya ɗaga gaba idan an ja linzami. Wannan abin burgewa ne a ƙofar fada, amma a gaban waɗancan alƙalai asarar maki ce. Linzaminmu mai zobe da ke matse haɓa shi ma zai ja hankalin mai duba kaya, kuma jini a bakin doki ko a haƙarƙarinsa na iya sa a fitar da mahayi.

Ta wajen tsayi, can suna auna doki da faɗin tafin hannu, kowane ɗaya inci 4, kusan santimita 10, daga ƙasa zuwa doron kafaɗa. Rundunoni da yawa sun fi son mai tafi 16 ko fiye, wato kimanin santimita 163, domin ɗan sanda ya hango kan taro. Wannan ƙa'idar sayen doki ce ta runduna, ba lalle ta zama ta gasa ba.

Takardun lafiya kuwa babu sassauci a kansu. Na farko sakamakon gwajin jini da ake kira Coggins, mai gano wata cutar ƙarancin jini da ƙudaje masu cizo ke yaɗawa tsakanin dawaki. Ba ta da magani, dokin da aka same shi da ita ko a killace shi har ƙarshen rayuwarsa ko a kashe shi. Galibi ana son gwajin bai wuce wata 12 ba. Na biyu takardar likitan dabbobi, wadda yawanci kwana 30 take aiki. Wani kuskure da akan yi shi ne lissafa kwanakin zuwa ranar tashi, a manta da ranar dawowa, sai takarda ta mutu doki na hanya. Wani kuskuren kuma shi ne kamannin da aka rubuta, kamar farin goshi ko farar ƙafa, su saɓa da na dokin da aka sauke daga mota.

Dokin da ya fito daga ƙasashenmu yana da ƙarin shinge. Saboda annobar dawaki ta Afirka da wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, Amurka na killace dokin da ya zo daga ƙasar da cutar take har kwana 60 kafin ta sake shi.

TAMBAYA: Ko'ina haka gasar take? Daga mai karatu a Kumasi.

AMSA: A'a. A Indiya, inda ake gasar 'yan sandan doki ta ƙasa baki ɗaya, ana tsallake shinge, ana kuma wasan cire turke: mahayi ya taho a sukwane da mashi ko takobi, ya soki ɗan guntun turke da aka kafa a ƙasa. Wanda ya tsire shi ya tafi da shi maki 6, wanda ya tumɓuke shi ya faɗi kusa maki 4, wanda ya sara kawai maki 2. Ana kuma auna lokaci, don wanda ya rage gudu domin ya saita mashi za a zaftare masa maki.