Amsa kan awon janyowar ƙasa a yankin ƙanƙara

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa masana ke shan wahalar kai na'urar awon ƙarfin janyowar ƙasa har Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙuryar kudancin duniya, alhali ƙasar ɗaya ce. To, ƙasar ɗaya ce, amma janyowar ba ɗaya ba.

Nan Maradi, kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, abin da ka saki yana ƙara gudun faɗuwa da kimanin mita 9.78 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Can ƙuryar duniya kuwa 9.83 ne. Dalili biyu: juyawar duniya tana ɗan rage mana nauyi a nan, sannan duniya a ɗan danne take a can, an fi mu kusa da cibiyarta da wajen kilomita 21. Ka ɗora buhun gero mai kilo 100 a sikelin sifirin, ka kai shi can, zai nuna ƙarin kusan rabin kilo. Da 'yan kasuwarmu sun ji, da tuni sun nemi biza!

Matsalar ita ce na'urar da ake yawo da ita sifirin gare ta, kuma sifirin yana saki a hankali, ga sanyi ga jijjigar tafiya. Shi ya sa ake gwada ta da babbar na'ura mai sakin ɗan madubi cikin bututun da aka zuƙe wa iska, ana auna faɗuwarsa da hasken leza. Tashoshin bincike na Antatika irin su Syowa ta Japan da McMurdo ta Amurka suna da wuraren wannan gwaji.

Amfanin kuwa, idan ƙanƙara ta narke ƙasan da ta danne yana ɗagowa, awon ya canza, a gane abin da ke faruwa da ƙanƙarar.