Yadda za a shirya tafiyar hutu a mota da 'ya'ya matasa

Tambaya: Ni da maigidana muna shirin tafiyar hutu ta kwana goma a motarmu tare da 'ya'yanmu uku: namiji mai shekara 17, mace mai 15, da autanmu mai 13. Zuwa da dawowa zai kai kilomita 1,800. Wadda muka yi shekara biyu da suka wuce ba ta yi armashi ba, domin kowa ya duƙufa kan wayarsa, an yi ta rigima kan wurin zama, autan kuma ya yi ta amai a hanya. Yanzu babban ya ce a bar shi a gida. Ta yaya za mu tsara tafiyar don kowa ya ji daɗinta?

Amsa: 'Yar'uwa, zan fara da maganar babban ɗanki, domin a ganina a nan ne bakin zaren yake. Yaron da ya kai shekara 17 idan ya ce a bar shi a gida, yawanci ba tafiyar yake ƙi ba, abin da yake ƙi shi ne a gama yanke komai sannan a sanar da shi ranar tashi, kamar yadda ake yi masa tun yana ɗan shekara bakwai. A waɗannan shekaru matashi yana neman a ɗauke shi a matsayin mutum mai ra'ayi, kuma kwana goma a kujerar baya, ba shi da ta cewa kan inda za a tsaya ko lokacin da za a tashi, abu ne mai yi masa nauyi ƙwarai. Saboda haka shawarata ta farko ita ce ku zauna ku biyar da taswira a gabanku, makonni kafin tafiyar. Ke da maigida ku faɗi abin da ba zai canza ba, wato yawan kwanaki, iyakar kuɗin da za a kashe, da wuraren da lallai sai an je. Abin da ya rage ku raba shi da gaske. Kowane ɗa ya sami yini guda, ko rabin yini, wanda shi zai zaɓi inda za a je da abin da za a yi, sauran kuma su bi ba tare da ƙorafi ba. Ina jaddada kalmar "da gaske", domin idan kuka nemi ra'ayinsu sannan kuka yi abin da kuka riga kuka ƙudura, za su gane nan take, kuma ɓacin ran zai fi na wanda ba a tambaye shi ba tun farko.

Bayan zaɓi sai aiki. Babban ya riƙe hanya: ya sauke taswirar a wayarsa ta yadda za ta yi aiki ko babu intanet, ya san gidajen mai da wuraren hutawa, ya zauna gaba a wasu ranakun ya zama idon direba. Ta tsakiyar za ta iya riƙe lissafin kuɗin kowace rana, ta rubuta abin da aka kashe da abin da ya rage. Autan ya kula da guzuri da ruwan sha da cajin wayoyi. Matashin da ya san cewa idan bai yi aikinsa ba mota za ta ɓace hanya, ba ya zama kamar kaya da aka loda. Idan kuma ya yi kuskure aka zaga nesa, ku haɗiye faɗan, ku bar shi ya gyara da kansa.

Sai batun nisan kowace rana, inda iyaye da yawa suke ɓata tafiyar tun a kan takarda. Lokacin da taswirar waya take nunawa bai haɗa da shan mai, zagayawa bayan gida, cin abinci da cunkoson motoci ba, don haka a ƙara masa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu. Ga iyali irin naku ina ganin awa huɗu zuwa biyar na tuƙi a yini sun wadatar, wato kimanin kilomita 300. A wannan lissafi kilomita 1,800 za su ci kwana shida, ku sami kwana huɗu da ba a doguwar tafiya. Kada ku tara waɗannan huɗun a wuri guda a ƙarshe. Ku sa ɗaya bayan kowane kwana ɗaya ko biyu na tuƙi, kuma inda hali ya yi ku kwana biyu a masauki ɗaya, domin kwance kaya da ɗaure su kullum yana gajiyar da mutane fiye da yadda ake zato.

Game da lokacin tashi, akwai abin da ya kamata maigida ya sani idan yana cikin masu son a kama hanya tun duhun asuba. Da zarar yaro ya shiga shekarun balaga, agogon jikinsa yana ja baya: sinadarin melatonin da ke kawo barci yana jinkirin fitowa da kusan awa biyu, shi ya sa ba ya jin barci da wuri kuma tashin sassafe yake yi masa wuya. Likitocin barci suna cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda aka tayar ƙarfe huɗu na dare zai wuni yana cin magani, kuma wannan ba rashin kunya ba ne, halittar jiki ce. Tashi ƙarfe takwas ko tara ya fi dacewa, ga shi kuma ya fi aminci ga direba, domin tsakanin ƙarfe biyu zuwa shida na dare, da kuma bayan abincin rana, su ne lokutan da gyangyaɗi ya fi kama mai tuƙi. A tsaya na minti 15 bayan kowace awa biyu, kowa ya fito ya miƙe ƙafa. Bincike ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai rintsa ba, kuzarinsa a kan sitiyari yana raguwa kamar na wanda ya sha abin maye, don haka ranar da direba bai yi barci sosai ba, a rage tafiyar ko ke ki karɓe shi idan kina tuƙi.

Maganar waya kuwa, ban ba ki shawarar ƙwace ta ba. A wurin matashi wayar ce hanyarsa ta zuwa ga abokansa, kuma raba shi da su kwana goma zai sa ya ɗauki tafiyar a matsayin horo. Abin da ya fi aiki shi ne yarjejeniya tun daga gida: a kan doguwar hanya kowa yana da 'yancin wayarsa, amma lokacin cin abinci da lokacin da aka isa wurin da aka zo gani, a ajiye ta, har da taku iyaye. Ku kuma lura da ƙarar abin sauraron da suke sa wa a kunne, domin ƙugin mota yana sa a ƙara murya ba a sani ba. Kada ta wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin na'urar.

Aman autanki yana da alaƙa da wayar. Yana faruwa ne idan ido da kunnen ciki suka saɓa: idon da ke kallon waya yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa jiki a zaune yake, kunnen ciki kuma yana jin kwana da gargada, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Maganinsa na farko shi ne ya ajiye waya da littafi, ya riƙa kallon nesa ta gilashin gaba, a bar iska tana shigowa, ya ci abu mara nauyi kafin tashi. Kujerar tsakiya ta baya, muddin tana da cikakken bel, ta fi ta gefe a gare shi saboda yana ganin hanya. Idan za a ba shi maganin hana amai, a tambayi likita ko mai harhaɗa magunguna tukuna, a sha kafin a tashi, kuma direba kada ya taɓa shi domin yawancinsu suna sa barci. Ba shi kujerar tsakiya ya warware rabin rigimar wurin zama. Sauran biyun su riƙa musayar gefe a kowace tsayawa.

Akwai abin da ba a sa shi a shawara, kuma ina so ki tsaya a kansa ba sassauci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. Matasa sukan zare hannu daga bel ko su kwantar da kujera don su yi barci, wanda kan sa jiki ya zame ta ƙarƙashin bel ɗin idan aka yi karo. Sukan kuma ɗora ƙafa a kan gaban mota, daidai inda jakar iska mai kare fasinja take fashewa lokacin karo da gudun da ya wuce kilomita 200 a awa. Direba shi ma kada ya juya baya don raba faɗa: a gudun kilomita 100 a awa, daƙiƙa biyu na kau da ido tafiyar mita 55 ce a makance. Idan rigima ta yi zafi, a nemi wuri mai aminci a tsaya. In kuma babban yana da lasin tuƙi yana son ya karɓa, a tabbata doka da inshorar motar sun yarda, a ba shi hanya mai sauƙi da rana, ɗayanku yana gefensa.

Motar kanta a kai ta wurin makaniki mako guda kafin tashi, ba ana gobe tafiya ba, don a sami lokacin gwada gyaran. A duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto, batir da fitilu. A gwada iskar tayoyi suna sanyi, har da safaya, bisa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba na mota mai cikakken lodi, tunda mutum biyar manya da kayansu nauyi ne sosai. Lambobi huɗu na ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma wadda ta tsufa tana iya fashewa ko zanenta bai cinye ba. Kaya masu nauyi su shiga ƙasan but, kowane ɗa kuma jaka ɗaya.

A masauki, idan aljihu ya ba da dama, 'yarki mai shekara 15 ta sami ɗakin da ba na 'yan'uwanta maza ba, kuma kowa ya sami awa guda da yamma da ba wanda zai neme shi. Shi kuwa babban, ki same shi shi kaɗai kafin zaman taswirar, ki tambaye shi abin da ya fi ɓata masa rai a tafiyar da ta wuce, ki saurara har ya gama ba tare da kin kare kanki ba, sannan ki miƙa masa aikin hanyar.