Takardun rangwame a kantunan Amurka: wa ke biyan ragin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da zuwa Amurka ba. Kowace Lahadi maƙwabciyata takan yanke takardun rangwame daga jarida ta tafi kanti da su. Ni ma na fara, amma yawancin nawa a jaka suke kwana har wa'adinsu ya wuce. Wa ke biyan wannan ragin? Kamfanonin ba asara suke yi ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Waɗancan takardun da suka mutu a jakarki, kamfani ya sa su a lissafi tun kafin ya buga su. A farkon shekarun 2010 ana raba kusan biliyan 300 duk shekara a Amurka, amma waɗanda ke isa hannun mai karɓar kuɗi ba su wuce biliyan 3 da 'yan kai ba, wato kamar ɗaya cikin ɗari. Na cikin jaridar Lahadi ma ba su kai haka ba.

Wahalar yankan ita ce dabarar. A kasuwarmu, mai haƙurin tsayawa ya taya, a ce albarka, ya sake tayawa, shi ke samun ragi, mai sauri kuwa ya biya kuɗin farko ya wuce. Kantin Amurka ba a ciniki, farashi na manne a jikin kaya, sai almakashi ya maye gurbin tayi. Wadda kowane sisi ya dama za ta zauna ta yanka, ta adana, ta tuna ranar da zai ƙare. Sauran su biya cikakken kuɗi. Da kamfani ya sauke farashin kai tsaye, da kowa ya ci ragin, har wanda bai nema ba.

Mai kanti ba daga aljihunsa ragin ke fita ba, in dai takardar ta kamfanin da ya yi kayan ce. Yakan tara su ya aika wa kamfanonin tantancewa, irin wanda kamfanin Nielsen ya buɗe a Clinton ta jihar Iowa a 1957, a mayar masa da kuɗinsa haɗe da ladan wahala, galibi santi 8 a kan kowace takarda. Sai dai yana jiran makonni. Takardar da kantin ya buga da sunansa kuwa, shi ke ɗaukar nauyinta.

Abin da ke ci wa kamfani tuwo a ƙwarya shi ne irin maƙwabciyarki. Burinsa ya jawo sabon mai saye, ita kuwa sabulun da dama za ta saya take karɓar ragi a kai, ta kuma jira makon da kantin ya karya farashi ta haɗa biyu. A 1996 kamfanin Procter & Gamble, mai yin sabulu da kayan tsafta, ya gwada daina raba takardun a yankin Buffalo, Rochester da Syracuse na jihar New York. Jama'a suka yi ca, a 1997 ya janye. Kantin JC Penney ya soke nasa a 2012, cinikinsa ya faɗi da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, shugabansa Ron Johnson ya rasa kujerarsa a 2013.

Yanzu abin ya koma waya, amma ki lura har yau sai kin danna takardar a manhajar kantin kafin ragin ya hau katinki na kantin. Da gangan ne, kuma ta nan suke sanin abin da kike saye.

Wadda nake jiye wa ita ce mai sayen abu don kawai tana riƙe da takardarsa, musamman masu sharaɗin sai an ɗauki biyu ko uku. Ki fara rubuta cefanenki, sannan ki yanki abin da ya dace da shi kaɗai, ki jera su a ambulan bisa ranar ƙarewa, mafi kusa a sama.