Amsar Gwaggo kan takardar neman gurbin karatu

'Yata,

Saƙonki ya iso, na yi dariya da farko, daga baya kuma na ɗan damu. Kina tambaya ko ya dace mace ta ambaci wariyar da aka nuna mata saboda tana mace a cikin takardar bayanin kai da jami'o'in Amurka ke buƙata daga mai neman digiri na biyu. Dariyar ta zo ne da na ga kin ce ƙawayenki sun rabu gida biyu a WhatsApp, kamar su ne kwamitin tantancewa.

A 1983 na nemi gurbin karatun kimiyyar sinadarai a can. Na kwana uku a gaban tafireta, na cika shafi uku da labarin wani malaminmu wanda duk ranar da muka shiga ɗakin gwaje-gwaje sai ya miƙa mini littafi in riƙa rubuta sakamako, samari su ne ke riƙe kwalabe da ma'auni, wai hannun mace rawa yake yi. Na kai wa Baba, kakanki, ina jiran yabo. Ya ɗora tabarau a kan hanci, ya karanta sau biyu bai ce uffan ba, sannan ya nemi jan biro. Ina tsaye yana soke layi bayan layi, har hawaye suka cika mini ido. Da ya gama sai ya ce, "Baki shi ke yanka wuya. Waɗannan mutanen ke suke son sani, amma kin aika musu malaminki ya nemi gurbi." Jimla ɗaya tak ya bari, wadda na faɗi yadda nake roƙon mai kula da ɗakin ya buɗe mini ranar Asabar, in maimaita gwaje-gwajen ni kaɗai har sai lissafina ya fito daidai.

Daga baya ni da kaina na cire har wannan jimlar saboda tsoro, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ba ina cewa abin da kika gani ƙarya ba ne. Tun 1972 dokar Title IX ta haramta wariyar jinsi a makarantun Amurka da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, amma a 2012 masu bincike a jami'ar Yale suka raba wa malaman kimiyya takardar neman aiki iri ɗaya, wasu da sunan John, wasu da sunan Jennifer, sai aka fi ganin cancantar John, aka kuma yanka masa albashi kusan dala 4,000 sama da nata. Mahaifiyarmu takan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ban taɓa samun dalilin musa mata ba. Sai dai ki duba Nancy Hopkins, malamar kimiyya a jami'ar MIT ta Amurka, wadda da ta ga an ba ta ƙaramin ɗakin bincike, ta ɗauki tef na awo ta auna ɗakunan abokan aikinta maza. Alƙaluman nan suka kai ga rahoton 1999 inda jami'ar ta amsa laifinta.

Ku 'yan yanzu kun saba zuba duk abin da ke ranku a intanet kafin zafinsa ya huce, shi ya sa nake jin tsoron rubutunki ya fito kamar ƙorafi. Ki kuma lura cewa wasu jami'o'in, irin su Berkeley, takarda biyu suke nema, ɗaya kan binciken da kike son yi da malamin da kike son bi, ɗaya kan tarihin rayuwarki, kuma maganar wariyar da aka nuna miki ba ta da wuri a ta farko.

Ki turo mini abin da kika rubuta. Jan biron Baba yana nan a akwatina, ko da yake tawadarsa ta daɗe da bushewa.

Gwaggonki